Daji ya yi fure: mu fita da ɗiyanmu su san ganye, su koyi taimako

Duk wadda ta bi hanyar Tsarnawa zuwa Badagishiri a ƙarshen watan Mayu, ta kuma sake bin ta mako uku bayan ruwan shuka, sai ta ce ko an sauya mata ƙasa ne. Faƙon da ke ƙona ƙafa ya yi kore shar. Tsaida ta shimfiɗe a bakin hanya da ƴan furanninta rawaya, albasar kwaɗi ta fasa ƙasa a gefen kwari ta fitar da farin fure mai ratsin ja, kuka kuma ta rataye nata furen kamar an ɗaura mata fitilu. Daga Bazaga har Dogarawa, daga Allela har Tajaye, haka daji yake canza riga kowace shekara idan Allah ya sauko da ruwa.

Ido yana jin daɗi, amma mu mata mun san abin da ke cikin rumbu a wannan lokaci. Hatsin bara ya kai gindi, na bana ko kara bai yi ba. Kuɗin tiya ya hau a kasuwa. Wasu mazan suna can wajen bida ba su komo ba, waɗanda ke gida kuma suna gona tun asuba. Daga Yuni zuwa Satumba, tukunyar gidaje da yawa ganyen daji ne ke cika ta. Wadda ke da ƙarfin ƙafa da ɗiyan aike takan samu. Tsohuwar da gwiwa ta hana ta fita, da mai jego, da matar da ke jinyar miji, su kan ga daji ya yi kore daga bakin ƙofa, su kwana da tsinken tuwo.

A daidai wannan lokaci ne kuma ake rufe lakwal, yara su yi wata uku a gida. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan fitowa mu haɗa zance biyu wuri guda: abin da daji ke fitarwa idan ruwa ya sauka, da yadda za mu bi ta kansa mu koya wa ɗiyanmu taimakon wanda bai da ƙarfi.

Kalandar da ba a rataye ta a bango

Tsofaffinmu ba sa jiran rediyo kafin su san damina ta kusa. Icce suke kallo. Cikin tsananin zafin bazara, ko ɗigo bai sauka ba, sai a ga kuka ta fara toho, ƴaƴan danya sun nuna, gawo ya soma zubar da ganye, shamuwa ta dawo tana gyara sheƙa a itatuwan cikin gari. Wanda ya iya karanta waɗannan alamu shi ke fara gyara iri da kai taki gona.

Albasar kwaɗi tana cikin masu fara amsa ruwan farko. Dalili kuwa, tana da dunƙulen saiwa a ƙarƙashin ƙasa irin na albasa, inda ta tara abinci da ruwa tun daminar bara. Wata takwas tana kwance ba wanda ya san da ita. Ranar da ƙasa ta jiƙe, ba ta jiran kowa, abin da ta ajiye shi take fasawa ta yi fure. Idan yaro ya tambayi me ya sa Inna take kai zubi kowane mako alhali ana son kuɗin a gida, a kai shi ya ga wannan tsiro. Ita ma asusu gare ta.

Furen kuka da magariba yake buɗewa. Cikin dare jemagu ke zuwa shan zaƙinsa, su kwashi garin fure daga wannan kuka zuwa waccan, washegari furen ya yi yaushi ya faɗi. Daga wannan ziyara ta dare guda ake samun ƴaƴan kukar da muke dama kunu da su watanni a gaba. Yaron da ya san haka zai rage harbin jemage da danƙo.

Idan damina ta kankama, Yuli zuwa Agusta, sai na ƙasa su karɓa. Tafasa ta yi fure rawaya, gasaya fari mai dogayen gashi kamar gashin bakin kyanwa, yoɗo kuma furensa kamar ƙaramar ƙararrawa mai ruwan hoda. Lalo nasa ƙanana ne, sai an duƙa. Yaɗiya tana hawa shinge da curin ƴan furanni masu hasken kore. Bado ya buɗe a kan tabki. Da ruwa ya fara ɗaukewa, magarya ta yi nata, sannan gawo ya biyo baya da dogayen furanni masu ƙamshi lokacin da ake ɗaure damman hatsi. Kusan babu watan da daji ba ya da mai fure, kuma kowane fure alkawari ne na wani abin ci ko na magani da ke tafe.

Ganyen da suka riƙe iyayenmu

Waɗanda suka ga farin 1984 ba sa raina haki. Haka waɗanda suka yi wayo a 2005, shekarar da ƙarancin ruwa da fara na daminar 2004 suka jefa jihohin Tawa da Maraɗi cikin matsananciyar yunwa. A waɗannan shekaru mata sun yi ta tafiya mai nisa neman jiga da yaɗiya da dubagara, wato tohon aduwa. An tara ƴaƴan anza an ɓare, an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Wadda ba ta san wannan aiki ba, ko an cika mata kwando da anza ba abin da za ta yi da ita, don idan ba ta jiƙu sosai ba ba ta ciwuwa, kuma tana ɓata ciki. Sani ne ya raba gidan da ya ɗora tukunya da wanda bai ɗora ba.

Wannan sani a bakin tsofaffi yake, ba a rubuta shi a littafin lakwal ba. A yau akwai yarinya ƴar shekara goma sha biyu a cikin garin Ƙonni ko Malbaza da za ta lissafa miki sunayen ƴan wasan fim ba tuntuɓe, amma a ajiye mata tafasa da rai-ɗore ba za ta raba su ba. Ba laifinta ba ne, ba a nuna mata ba. Kowace tsohuwa da ta kwanta dama ba ta fita daji da jika ba, ta tafi da sunaye da dabarun da ba mu san ranar da za mu neme su ba.

Ko a shekarar wadata ma ganyen nan suna da aikinsu. Ma'aikatan lafiya suna yawan faɗa mana a wajen awo cewa koren ganye yana ƙara jini, yana taimakon ido, musamman ga mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye. Kwaɗon tafasa ko na gasaya da aka sa wa ƙuli-ƙuli ko ɗan mai ya fi amfanar jiki, don man yana taimaka wa jiki ya ɗauki abin da ke cikin ganyen. Ganye ba ya maye gurbin hatsi, amma yana sa tiya guda ta kai inda ba za ta kai ita kaɗai ba.

Fure uwar kuɗi ne

Darasi na farko da za a ba yaro a daji da harshen asusu za a ba shi, don shi yake ji kullum a gida. Ganye riba ne, fure da saiwa uwar kuɗi. Mai hankali riba take ci. Wadda ta tumɓuke tafasa da saiwarta, ko ta kwashe yoɗo kaf tun bai zubar da iri ba, ta fasa akwati tun lokacin rabo bai yi ba. Baɗi idan ta dawo wurin, sai karangiya.

Don haka a koya wa yaro ya tsinki kan ganye da ƴan yatsu, ya bar gindi ya sake toho. A kowane wuri da aka tsaya, a bar wasu tsirrai ba a taɓa ba, su yi fure su yi iri. Ganyen kuka da na jiga a tsinke su da hannu ko da ƙugiya, ban da sare reshe. Wanda ya bar iri a daji ya taimaki mutumin da bai taɓa gani ba, wanda zai zo wurin baɗi da yunwarsa. Taimako na farko ke nan, kuma ba ya cin ko dala.

Akwai kuma hakkin ƙudan zuma. A ƙasar Galmi da Tsarnawa ba sai an gaya wa kowa darajar albasa ba, sunan albasar Galmi ya kai Abijan da Akra. Abin da ba kowane yaro ya sani ba shi ne irin albasa ba ya ƙulluwa da kyau sai ƙudan zuma da sauran ƙwari sun bi furenta ɗaya bayan ɗaya. Haka kabewa, haka kankana. Su kuma ƙudajen nan, a watannin da lambu ba shi da fure, furen daji ne abincinsu: na magarya, na bagaruwa, na gawo, na ƴan hakin bakin gona. Idan daji ya ƙare, lambu ma zai ji a jikinsa. Yaron mai lambu ya kamata ya san cewa kuɗin rigar sallarsa akwai hannun furen da yake takawa.

Gawo da mutanen Illela

Idan ana neman iccen da za a zaunar da yara a gindinsa a yi musu zancen taimako, gawo ne. Da damina, lokacin da kowane icce ke fama da ganye, shi zubar da nasa yake yi. Ganyen ya zama taki, rana kuma ta samu hanyar isa ga hatsin da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa gero ya fi kyau a gindin gawo. Da rani kuwa, sa'ad da sauran suka tsaya tsirara, shi ke ba da inuwa, ƴaƴansa su ciyar da bisashe a watannin da ciyawa ta ƙare. Yana ja baya lokacin da ba a buƙatarsa, yana fitowa lokacin da kowa ya rasa. Yaro zai riƙe wannan fiye da doguwar nasiha.

A nan ƙasarmu ma muna da labarin mutane da ya yi kama da haka. A 1989 wani shirin FIDA ya ɗauki manoma 13 daga yankin Illela ya kai su Yatenga a Burkina Faso. Can suka ga yadda ake haƙa ramuka a faƙo, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki maimakon ya gudu. Mu ma muna da tassa tun da, amma sun ga an faɗaɗa ramin an ƙara masa zurfi da taki. Da suka komo suka gwada. A 1990 ruwa ya yi ƙaranci, gonakin tassa kuwa suka ba da hatsi, maƙwabta suka gani da idonsu. Mutanen nan ba su ɓoye dabarar ba. Daga gona zuwa gona ta yaɗu, har faƙon da da ko kyauta ba a so ya zama abin saye. A cikin takin da ake zubawa akwai ƴaƴan itatuwa da bisashe suka ci, sai ga gawo da aduwa da kalgo suna fitowa a cikin ramuka. A Batodi, bayan shekaru ana wannan aiki, ruwan rijiyoyi ya hau har aka samu damar yin lambuna.

Can wajen Maraɗi kuma, tun shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani: maimakon a ƙone kututture, sai a zaɓi tohonsa mafi ƙarfi a gyara a bar shi ya girma. Da wannan dabara miliyoyin itatuwa suka dawo gonakin Nijar. Ita ma tafiyar Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ta faro a 1991 tare da ƙungiyar CARE, da ƴan mata kaɗan da zubin da bai taka kara ya karya ba, yau ga ta ta ƙetara ƙasashe. Duk ukun hanyarsu ɗaya: wani ya sani, ya nuna wa na kusa da shi. Yaranmu su ji waɗannan labarai da sunayen garuruwan, su san a ƙasarsu aka yi.

Kason wanda bai iya fita ba

Ga shawarar da muke kawo wa ƙungiyoyi. Duk ranar da aka dawo daga ɗibar ganye da yara, kafin a ɗora tukunya, a zube abin da aka samo a tabarma a kasa shi uku a gaban idonsu. Kaso ɗaya na miyar yau. Kaso ɗaya na shanya, don rani. Na uku, ko da cikin tafi biyu ne, na wanda bai iya fita ba. A bar yaron ya kasa da hannunsa, kuma a tambaye shi: “A unguwar nan wa kake gani ba shi da mai ɗebo masa?” Za ku sha mamakin abin da yara suka lura da shi. Sun san gidan da hayaƙi bai tashi ba jiya.

Shi zai kai, ba uwarsa ba. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar da ta saba da hanya tun tana ƙarama ba ta mantawa. Amma kaiwa tana da ladabinta, kuma nan ne tarbiyyar take. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida, ya miƙa da hannu biyu. Kada ya tsaya jiran tukuici. Abin da ya gani a gidan, rumbu ne ba komai ko tabarma ce ta yage, a can zai bar shi, ba abin ba da labari ba ne a dandali. Mu ma iyaye mu kama bakinmu. Idan muka riƙa yabon yaro a gaban jama'a muna kiran sunan gidan da ya kai wa, mun koya masa neman suna, mun kuma kunyata mutane.

Hanya mafi sauƙi ta kare mutuncin tsohuwa ita ce a mai da ita malama, don malamar ce. Yaro ya tafi da ganye ɗaya ko fure ɗaya da bai sani ba, ya ce: “Kaka, wannan mene ne sunansa? Ana ci?” Ko: “Gwaggo, Inna ta ce ki nuna mani yadda ake gyaran yaɗiya.” Shi ya kawo ƙafa, ita ta kawo sani, ba wanda ya fi wani. Tsohuwar da ta wuni ba mai yi mata magana ta samu abokin hira, yaro ya koma gida da sunan da uwarsa ma wataƙila ta manta.

Kada aikin ya tsaya kan ƴan mata. Su ne da ɗibar ruwa, su ne da icce, su ne da raino, idan aka ƙara musu wannan su kaɗai, kaya aka ƙara musu. Namiji ma yana da ƙafa, kuma shi ne gobe zai zama maigida da za a so ya tuna da uwarsa da gwaggonsa. Ya hau kuka ya tsinko ganye, ya ɗauki kwando, ya yanko wa tsohuwa ciyawar akuyarta. Sannan ɗiyan gidajen da ake kai wa su ma su shiga fitar tare da kowa, su ma su fitar da nasu kason. Ba a son yara su taso da tunanin akwai gidajen bayarwa da gidajen karɓa. Wadda ta karɓa bana, baɗi ita za ta bayar, haka muke gani a asusu kowace shekara.

Wata za ta ce, mu da ba mu ƙoshi ba, me za mu raba? Tambaya ce ta gaskiya. Kuma busasshiyar tafasa da yoɗo da kuka kuɗi ne a kasuwar Ƙonni da ta Badagishiri, da su wasunmu ke samun na zubi. Ba mu ce a bar sayarwa ba. Amma mu tuna yadda muke yi a taro: kafin a buɗe zancen rance, ana fara jefa na asusun taimako, komai ƙanƙantarsa, don ranar haihuwa ko rashin lafiya ko gobara. Ba wadda ta talauce saboda wannan ƴar dala, kuma da yawa cikinmu sun ga ranarta. Kason ganye haka yake. Ranar da ba a samo da yawa ba, yaro ya je hannu wofi ya share wa tsohuwa tsakar gida ko ya cika mata randa. Shi ma kaso ne.

Ba kowane kyakkyawan fure ba ne aboki

Fita daji da yara amana ce, don haka a fara da abin da zai cuce su. Zaƙami yana da babban farin fure kamar kakaki, amma ƴaƴansa da ganyensa suna juya hankali, suna iya kisa. Ƴaƴan bini-da-zugu suna kama da abin ci, yara kan tauna su, su kama amai da zawo mai tsanani. Ruwan tumfafiya idan ya shiga ido yana yi masa lahani, a wanke nan take da ruwa mai yawa a tafi likita. Albasar kwaɗi ta kallo ce, ba a cin ta. Duman rafi da furensa shuɗi mai ruwan hoda yana cutar da bisashe idan suka ci da yawa. Doka ɗaya ta isa: abin da babba bai ce a ci ba, ba ya zuwa baki.

Sai ƙuduji. A watan Agusta zuwa Satumba idan ya yi furensa ja-ja a cikin gero, ba abin da ya fi shi kyau a gonar. A ƙarƙashin ƙasa kuwa ya manne wa saiwar hatsi yana tsotse ta. Gindi ɗaya yana zubar da dubban iri ƙanana kamar ƙura, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Wannan kam ba a bar masa uwar kuɗi. A tumɓuke shi da zarar ya yi fure, tun bai yi iri ba, a fitar da shi daga gona a ƙone. Aiki ne da yara za su iya, kuma gayyar yara ta safiya guda a gamanar wata tsohuwa ko gonar marayu taimako ne da za a gani a rumbu. A nan ma akwai abin faɗa wa ƴan matanmu masu tasowa game da mai kyan baki da ke ci ta ƙarƙashi.

Sauran abin kiyayewa kun san su, amma tuni ba ya ɓaci. Takalmi a ƙafa saboda tsaida da kunama da kububuwa. Idan maciji ya sari yaro, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaure wurin tamau. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa likita ba tare da ɓata lokaci ba. Idan hadari ya haɗu a koma gida, kuma kada a fake a gindin dogon icce. Koramun da ke zuba cikin Majiya suna iya cikowa farat ɗaya ko da ba a yi ruwa a inda kuke ba. Bado sai babba ya ciro, yaro ba ya shiga tabki. A fadamun Ƙonni da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zongo, da lambunan albasa, kada a ɗebi ganye a gefen inda aka yi feshin magani. Gonar mutum a nemi izininsa. Ga kuma halin tsaro da muke ciki a wasu wurare na bakin iyaka: a tsaya kusa da gari, a fita da rana tsaka-tsakin safiya, maigari ya san inda aka nufa.

Abin da ƙungiya za ta iya yi a daminar bana

Wannan aiki ba ya buƙatar a taɓa akwati. Abin da yake so shi ne a tsara shi kamar yadda muke tsara zubi.

Na ɗaya, a taron mako a ware ɗan lokaci bayan an rufe akwati, a lissafa gidajen unguwa da ba su da mai fita. Lissafin ya tsaya a tsakanin mambobi, kamar yadda sirrin rance yake tsayawa.

Na biyu, a sa rana guda a mako, wadda ba ta kasuwa ba kuma ba ta hana noma ko makarantar allo. Mata biyu su raka yaran da ba su wuce goma ba, a riƙa karɓa-karɓa. Idan akwai tsohuwa mai sauran ƙarfi, ita ce jagora.

Na uku, ɗiyan lakwal su samu kaye guda na ƙungiya. Kowane tsiro a rubuta sunansa da Hausa, launin furensa, watan da aka gan shi, inda yake fitowa, ko ana ci ko ba a ci, da sunan wadda ta faɗa. A manna ganyen a shafin idan ya bushe. Inda sunan Adarawa ya bambanta da na Ƙonnawa ko na Gobirawa, a rubuta duka, haka na Fulani da Buzaye maƙwabtanmu, waɗanda suka san daji fiye da yawancinmu.

Na huɗu, shanya a inuwa, a kan tabarma mai tsabta ko bisa rumfa inda kaji da awaki ba sa kaiwa. Ganyen da rana ta buga kai tsaye yakan koɗe ya rage amfani. Idan ya bushe ƙayau a zuba a buhu ko tulu mai murfi. Ƙungiyar da ta so tana iya tara mudu ɗaya daga kowace mamba, a ajiye a gidan ma'aji don masu jego da marasa lafiya a bazara mai zuwa.

Na biyar, a ƙarshen damina yara su tara irin tafasa da gasaya da yoɗo da lalo, a watsa a gefen gamana da cikin tassa baɗi, don ganye ya matso kusa da gida. Ranar 3 ga Agusta kuma, ranar samun ƴancin kai da ake bikin dashen itatuwa, kowane yaro ya zaɓi ɗan gawo ko ɗan aduwa guda da ya fito da kansa a gonar gidansu, ya kewaye shi da ƙaya, ya zama nasa ne rainonsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Watannin nan uku na hutu za su wuce ko mun yi wani abu da su ko ba mu yi ba. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi a gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela su karanta wannan a taro na gaba, saboda ƴan uwanmu da ba su iya karatu ba, a tattauna, kowace ƙungiya ta ɗauki abin da ya dace da garinta. Waɗanda suka fara, su aiko mana da sunayen tsirran da yaransu suka rubuta ta hannun wakiliyarsu, za mu buga su a fitowar kaka don na Tajaye su ga na Bazaga. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana ɗiyanmu, ya sa su zama masu jin ƙai.